Ina Tsakiyar Rami Take? Tarihin Saɓanin Na'urorin Awo a Masana'antu

Akwai wata gardama da ta daɗe tana maimaita kanta a masana'antun ƙera injuna. Kamfani zai ƙera wani sashe na inji, a ce faifan ƙarfe mai ramuka shida da za a ɗaure da notuna, ya auna shi a ɗakin awonsa, takarda ta fito da cewa kowane rami yana inda ya kamata. A aika wa mai saye, shi ma ya ɗora faifan a kan tasa na'urar, sai tasa takardar ta ce ramuka biyu sun kauce, a mayar da kaya. Ƙarfen bai sauya a hanya ba, kuma na'urorin biyu duk an tantance lafiyarsu. Wani lokaci ma na'urar ɗaya ce, wuraren da aka taɓa a jikin ƙarfen su ne dai, manhajar lissafi kawai aka canja, amma hukunci ya juye.

Abin da ke cikin wannan gardama ba ƙarami ba ne. Idan takarda ta yi tsanani fiye da kima, za a zubar da kaya mai kyau wanda aka kashe kuɗi da makonni ana sassaƙa shi. Idan ta yi sassauci fiye da kima, kayan da ba zai haɗu da ɗan'uwansa ba zai wuce, ya isa wurin harhaɗa jirgin sama ko injin wutar lantarki, inda gyara ya fi tsada nesa ba kusa ba. Tushen saɓanin kuwa wata tambaya ce da masu ƙira suka shafe kusan ƙarni biyu ba su buƙaci amsa ta da baki ba: idan rami bai zama cikakkiyar da'ira ba, kuma babu ramin da yake cikakkiyar da'ira, ina ne tsakiyarsa?

Zamanin geji

A shekarar 1785 Thomas Jefferson, wanda a lokacin shi ne jakadan Amurka a Faransa, ya ziyarci wani maƙerin bindigogi mai suna Honoré Blanc. Blanc ya baza masa sassan kunamar bindiga hamsin da aka wargaza, Jefferson ya riƙa ɗaukar sassan yadda hannunsa ya faɗa yana haɗawa, suna shiga daidai. Ya rubuta wa gwamnatinsa labarin, domin a wancan zamani kowace bindiga da nata sassan, maƙeri na goge su ɗaya bayan ɗaya har su dace da juna. Idan ɗaya ya karye a fagen daga, na wata bindigar ba zai maye gurbinsa ba.

Abin da ya mayar da wannan buri sana'a shi ne geji. A shekarun 1820, a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry da ke Amurka, John Hall ya tsara jerin gejuna na ƙarfe da ake gwada kowane sashe da su. A 1905 kuma William Taylor na Ingila ya yi rajistar tsarin geji mai baki biyu: baki ɗaya dole ya shiga, ɗaya dole ya ƙi shiga. Domin gwada matsayin ramuka, ana ƙera faifai mai sandunan ƙarfe tsaye a daidai wuraren da zane ya nuna. A kifa kayan a kansa. In ya zauna, ya ci jarrabawa. In ya ƙi, ya faɗi.

Geji ba ya lissafi, amma yana yanke hukunci a kan abubuwa da dama ba tare da kowa ya lura ba. Sandar da ta shiga rami tana karo ne da wuraren da suka fi turowa ciki, ba ruwanta da inda ramin ya yi kwarmi. Faifan da aka ajiye a kan shafaffen dutsen awo yana zama ne a kan wuraren da suka fi tudu a ƙasansa. Mai zane bai taɓa buƙatar rubuta waɗannan sharuɗɗa ba, domin ƙarfe da dutse sun ɗauke masa nauyin.

Murabba'i da da'ira

Har zuwa shekarun 1930, ana nuna matsayin rami a zane da awo biyu, nisa daga gefe ɗaya da nisa daga ɗaya gefen, kowanne da ɗan sassaucin ƙari ko ragi. Idan an yarda tsakiyar rami ta kauce da milimita 0.1 hagu ko dama, da 0.1 sama ko ƙasa, filin da aka halatta mata ya zama murabba'i. A nan akwai rashin adalci da ba a gani da sauri. Ramin da ya kauce zuwa kusurwar murabba'in ya yi nisan kusan milimita 0.14 daga inda ya kamata, kuma an karɓe shi. Ramin da ya kauce 0.12 kai tsaye zuwa dama ya fi shi kusa da gida, amma an ƙi shi. Noti kuwa zagayayye ne, bai san kusurwa ba.

Mutumin da ake danganta gyaran wannan da shi shi ne Stanley Parker, ma'aikaci a masana'antar makaman ƙarƙashin ruwa ta sojan ruwan Birtaniya da ke garin Alexandria a Sikotland. A wajen 1938, ana shirin Yaƙin Duniya na Biyu, ya lura cewa wasu sassan da masu dubawa suka ƙi suna haɗuwa lafiya lau. Ya ba da shawarar a mayar da filin sassauci da'ira, a zana ta kewaye da ainihin matsayin da ake nufi. Da'irar da ta taɓa kusurwoyin murabba'in huɗu ta fi shi faɗin fili da kashi 57 cikin ɗari, ba tare da an yarda da wata kaucewa da ta wuce wadda ake karɓa tun da farko ba. Parker ya wallafa bayanansa a 1940, sannan ya fitar da littafi a 1956.

Daga nan tunanin ya shiga ƙa'idoji. Sojan Amurka sun fitar da MIL-STD-8 a 1949, aka kuma samu jerin ƙa'idar Y14.5, wadda aka yi ta sabuntawa a 1966, 1973 da 1982. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta bi tata hanyar da ISO 1101. A cikin waɗannan ƙa'idoji aka tabbatar da wani sharaɗi mai kama da gyara a kasuwa: idan an sa alamar M a cikin da'ira, sassaucin da aka rubuta na ramin da ya fi matsewa ne, kuma duk ƙarin faɗin da ramin ya samu ana ƙara shi a kan sassaucin matsayinsa, tun da rami mai faɗi ya fi ba noti wurin motsi. Duk waɗannan dokoki an rubuta su ne da jimloli da hotuna, kuma marubutansu geji suke hangowa a zuci.

Na'urar da ke taɓawa ɗigo-ɗigo

A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Ferranti, shi ma a Sikotland, ya ƙera na'urar da ke karanta matsayin kowane wuri da aka taɓa a jikin kaya, ya nuna ta a baje kolin injuna na Paris a 1959. Ta farkon tana bin tsawo da faɗi ne kawai. A shekarun 1960 kamfanin DEA na Italiya ya fito da mai bin tsawo da faɗi da tsayi. Irin wannan na'ura ce masana'antu ke kira CMM. A 1972 David McMurtry, injiniya a Rolls-Royce, yana neman hanyar auna siraran bututun injin jirgin Concorde ba tare da ya lanƙwasa su ba, ya ƙirƙiro tsinke mai aika saƙon lantarki da zarar kansa ya taɓa abu. Shi da John Deer suka kafa kamfanin Renishaw a 1973. Da aka haɗa wannan tsinke da kwamfuta, na'ura ɗaya ta iya yin aikin gejuna masu yawa, ba sai an ƙera wa kowane kaya nasa ba.

Sai dai na'urar ba ta ganin rami. Tsinkenta, wanda yawanci ke da ƙaramar ƙwallon yaƙutu a kai, yana shiga ramin ya taɓa bango a wuri takwas ko goma sha biyu, ya ba kwamfuta lambobin kowane ɗigo. Daga waɗannan lambobi manhaja za ta ƙago da'ira, ta ce ga faɗinta, ga tsakiyarta. Ɗige-ɗigen ba sa faɗawa kan da'ira ɗaya, domin bakin abin huda yana rawa, ƙarfe yana ɗan lotsawa idan an matse shi, kuma ramuka da yawa suna fitowa da ɗan tudu uku ko siffar ƙwai. Dole a zaɓi da'ira ɗaya daga cikin da'irori marasa adadi da za su iya wakiltar ramin.

Masu rubuta manhaja sun ɗauki dabarar da ta fi sauƙi da karko. Adrien-Marie Legendre ya wallafa ta a 1805, Carl Friedrich Gauss kuma ya wallafa nasa bayanin a 1809, kuma masana taurari ne suka fara cin moriyarta. Dabarar ita ce a nemi da'irar da ke ratsa tsakiyar ɗige-ɗigen, ta yadda idan aka ninka nisan kowane ɗigo da kansa aka tara, jimillar za ta zama mafi ƙanƙanta. Ɗigo ɗaya da ƙura ta ɓata ba ya jan ta sosai, kuma ƙananan kwamfutocin wancan lokaci suna iya lissafa ta cikin sauri. Amma da'irar Gauss matsakaiciya ce, wani ɓangare nata yana cikin ƙarfe, wani yana cikin iska. Sandar geji ba ta ratsa ƙarfe. Abin da ya yi daidai da ita shi ne da'ira mafi girma da za ta iya shiga ramin ba tare da ta taɓa cikin ƙarfe ba. Akwai kuma hanya ta uku, wadda ake dangantawa da masanin lissafin Rasha Pafnuty Chebyshev, inda ake neman da'irori biyu masu tsakiya ɗaya da za su ƙunshe dukkan ɗige-ɗigen da mafi ƙarancin rata. Kowace hanya da faɗinta, kowace da tsakiyarta.

Rami ɗaya, takarda huɗu

A ɗauki misali. Zane ya ce faɗin rami ya kasance tsakanin milimita 10.00 da 10.20, sassaucin matsayinsa kuma da'ira mai faɗin 0.10, da alamar M. An auna, an samu tsakiyar ta kauce 0.06 ta wannan gefe, 0.08 ta wancan. Nisan kai tsaye ya zama 0.10. Tun da sassaucin faɗin da'ira ne, ana ninka nisan biyu, a rubuta 0.20. Domin sauƙi, a ɗauka dukkan manhajoji sun yarda da wannan tsakiyar.

Manhaja ta farko ta bi Gauss, ta samu faɗin rami 10.15. Gyaran ya zama 0.15, abin da aka halatta ya kai 0.25, ramin ya ci. Ta biyu ta nemi da'ira mafi girma da za ta shiga, ta samu 10.08. Gyaran ya koma 0.08, abin da aka halatta 0.18, ramin ya faɗi. A ta uku mai tsara shirin bai kunna lissafin gyara ba, sai aka gwada 0.20 da 0.10, ramin ya faɗi warwas. Ta huɗu an saita ta tana bayar da nisan kai tsaye ba tare da ninkawa ba, mai karanta takarda ya ga 0.10 kusa da 0.10, ya sa hannu. Duk bambancin da ake faɗa a kansa bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, amma ya isa ya raba kaya da bola.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Matsayin rami ana auna shi ne daga madogara, wato fuskokin da zane ya ware a matsayin mafarin awo. Fuskar ƙasa ita ma ba shafaffiya ba ce sarai. Manhaja na iya shimfiɗa mata matsakaicin faifai irin na Gauss, ko faifan da ke zaune kan tudunta kamar dutsen awo. Idan zaɓin biyu suka bambanta da karkacewar 0.02 a cikin tsawon milimita 100, ramin da ke milimita 200 sama da fuskar zai gusa da 0.04, wanda zai fito a takarda a matsayin 0.08. Haka kuma rami yana da zurfi. Wanda ya auna da'ira ɗaya kusa da baki ya ga inda ramin ya fara ne kawai. Wanda ya auna shi a matsayin silinda, sama da ƙasa, zai gane ko ramin ya karkace yana shiga. Yawan ɗigo ma yana da tasiri: ɗigo uku kullum suna ba da cikakkiyar da'ira, kome munin ramin.

Gargaɗin 1988

Masana sun fara ƙorafi tun kafin abin ya fito fili. A 1983 Aristides Requicha na Jami'ar Rochester ya wallafa yunƙurin gina ka'idar lissafi ga sassaucin siffofi, domin kwamfuta ba za ta iya aiki da dokar da aka bayyana da hoto ba. Amma abin da ya girgiza masana'antu ya zo ne a watan Agusta na 1988, lokacin da Richard Walker, injiniya a sashen ayyukan ruwa na kamfanin Westinghouse, ya fitar da sanarwar gargaɗi ta hanyar GIDEP, tsarin da gwamnatin Amurka da kamfanonin da ke yi mata kwangila ke musayar bayanan fasaha. Sanarwar ta nuna cewa manhajojin na'urori daban-daban, idan aka ba su bayanai iri ɗaya, suna fitar da sakamako mabambanta a kan abubuwa irin su shafewar fuska da miƙewar layi. Wasu suna nuna kaya ya fi yadda yake muni, wasu suna nuna ya fi yadda yake kyau.

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka zauna bincike, sai aka ga matsalar gida biyu ce. Akwai manhajojin da lissafinsu ke da kuskure. Akwai kuma babbar matsalar, wato babu ma'aunin da za a ce wannan manhaja ta yi daidai, waccan ta kauce, domin ƙa'idar Y14.5 kanta ba ta fayyace ma'anar kalmominta da lissafi ba. Lamarin ya yi kama da mai saye da mai sayarwa da suka yarda a auna da mudu, amma ba su yi maganar ko za a shafe bakinsa ko za a bar shi ya yi tozo ba.

Martanin ya bi gidajen biyu. Ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta kafa kwamiti, wanda Walker da Vijay Srinivasan na IBM suna cikin jagororinsa, aka fitar da Y14.5.1M a 1994, ƙa'idar da ta fassara kowane sharaɗi zuwa harshen lissafi. Cibiyar awo ta Amurka, NIST, ta gina tsarin gwada manhajoji: a ba manhaja ɗige-ɗigen da aka riga aka san amsarsu, a ga abin da za ta fitar. Cibiyar PTB ta Jamus ita ma tana yin irin wannan gwaji tana ba da shaida. A 2001 ISO ta fitar da ISO 10360-6, wadda ta tsara yadda za a gwada lissafin Gauss a manhajojin awo. Wannan ya rage kuskuren lissafi ƙwarai, amma shaidar cewa manhaja ta iya lissafin Gauss ba ta nufin Gauss ne zanen ke bukata.

Ƙa'ida biyu, tsakiya biyu

Da aka rubuta ma'anonin dalla-dalla, sai wani bambanci da ke ɓoye ya bayyana: manyan ƙa'idojin biyu ba su ba da amsa ɗaya ba. A tsarin ASME, layin tsakiyar rami shi ne na silinda mafi girma da za ta iya shiga ramin, wato gadon sandar geji. Tsarin ya kuma ce idan akwai alamar M, aka samu saɓani tsakanin hukunta rami da layin tsakiyarsa da hukunta shi da bangonsa, hukuncin bango ne ke gaba. A tsarin ISO kuwa, idan zane bai ce komai ba, ana yanka ramin hawa-hawa a lissafi, a nemo tsakiyar kowane hawa da dabarar Gauss, a haɗa su su zama layi mai ɗan lanƙwasa, kuma dukkan layin ne ake so ya kasance cikin filin sassauci. Alamar matsayi a zane iri ɗaya ce a tsarin biyu, da'ira da gicciye a kanta, amma abin da take umarta ya bambanta.

Gyare-gyaren baya-bayan nan sun karkata ga ba mai zane damar faɗin abin da yake nufi. ISO 14405-1 ta 2010 ta kawo haruffan da ke nuna ko faɗin rami na Gauss ake nufi ko na da'ira mafi girma da ke shiga. Bugun ISO 1101 na 2017 ya ƙara haruffan zaɓen hanyar lissafi a cikin akwatin sassaucin kansa. Bugun Y14.5.1 na 2019 ya tsayar da hanya guda ta shimfiɗa faifan madogara: lissafi irin na Gauss, amma da sharaɗin faifan ya tsaya a wajen ƙarfe, wanda ke magance tsohuwar matsalar kayan da ke lilo a kan dutsen awo saboda ƙasansa ya yi ɗan tozo.

Duk da haka gardamar ba ta ƙare ba, domin zane-zane masu yawa da ake aiki da su an yi su ne kafin waɗannan haruffa, kuma manhajoji da dama suna zuwa a saite kan Gauss har sai wani ya canja. Shi ya sa ƙwararrun masu awo, idan takardu biyu suka saɓa, ba sa fara zargin na'ura. Suna fara duba ƙa'idar da aka rubuta a kusurwar zanen da shekarar bugunta. Daga nan su tambayi hanyar da aka bi wajen ƙago da'ira da madogara, ɗigo nawa aka taɓa kuma a wane zurfi, ko an lissafa gyara, ko lambar da ke takarda nisa ce ko faɗin da'ira. Sau da yawa a waɗannan tambayoyi ake gano bakin zaren.

Abin da Parker ya gani a 1938 da abin da Walker ya bankaɗo bayan shekara hamsin cuta ɗaya ce a riga biyu: dokar dubawa ta rabu da aikin da kayan zai yi. Ramin noti an huda shi ne domin noti ya shiga, kuma hanyar lissafin da ta fi kusa da wannan aiki ita ce ta cancanci yanke masa hukunci. Wannan ne dalilin da ya sa har yau, a ɗakunan awo masu sanyin digiri 20 da na'urori masu tsada, ake ajiye gejin sanduna a cikin durowa, a ɗauko shi idan takardu biyu sun ƙi jituwa.